Yumɓun da Fikri Ya Bari a Jiƙe

Lahadi, 29 ga Maris, da hantsi

Na hau saman bene na ba ta ruwa. Iyakar abin da na iya yi ke nan yau.

Ta fi ni tsayi, ta fi mijina Fikri ma. Jikin mace ne, amma maimakon kai tulu ne a karkace, kamar tana zuba ruwa daga wuyanta. A ƙirjinta akwai taga a buɗe, ƙafafunta kuma saiwoyi ne. Hannun dama ya gama shi har farce. Na hagu ƙarfe ne tsirara, bai kai ga ɗora masa yumɓu ba. Tun shigowar sanyi yake kanta. Ɗanyen yumɓu ce, idan ta bushe za ta tsattsage ta zube, don haka safe da yamma ake kwance tsummokaran da ke jikinta, a jiƙa, a matse, a mayar.

Tun da muka yi aure bai taɓa bari na sa mata ko wani aikinsa hannu ba. Jiya da aka zo kama shi, a kan matakala, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ya waiwayo ya ce, "Ihsan, kar ki bari ta bushe." Bai ce in kula da kaina ba, bai ce in kula da mahaifiyarsa ba. Na ji haushi, har yanzu ma ina ji.

Litinin, 30 ga Maris, bayan la'asar

Na je makaranta na koyar da rabawa da tarawa kamar kullum. Shugaba ta tambaye ni Ustaz Fikri, na ce ya tafi Aswan neman dutse. Ta ce Allah ya dawo da shi lafiya, ba ta kalle ni ba.

Na dawo na gyara ɗakin aikinsa. Baƙinmu na shekaranjiya, 'yan sandan ciki, ba su bar komai inda suka same shi ba. Zanen nan na jaki mai ƙofa a ciki, wanda taragon unguwarmu Sayyida Zainab ke fitowa daga ƙofar, ɗayansu ya ɗaga shi ya juya shi ƙasa a sama, ya sake juyawa, ya ce, "Wannan taswirar ina ce?" Fikri ya ce, "Ta cikin jaki ce, ranka ya daɗe." Da ya yi shiru da ya fi, amma yaushe ya taɓa yin shiru. Sun tafi da jakin. Wani kuma ya soke Mai Tulu da sanda a ciki, wai ko an ɓoye takardu. Ramin yana nan, yatsuna biyu na shiga.

Ina azumi, maƙogwarona a bushe, ina ɗura wa laka ruwa.

Laraba, 1 ga Afrilu, da safe

Hajja Zakiyya, surukata, ta ce ba za ta ƙara hawa benen ba muddin abin nan yana tsaye.

"Ki duba yadda kika naɗe shi, 'yar nan, sai ka ce gawa. Wane mala'ika ne zai shiga gidan da aka yi wa gunki likkafani? Na haifi ɗa na kai shi makaranta don ya zama injiniya, ya dawo yana ƙera mata masu kan tulu. Mata na can suna goya jikoki, ni ga abin da aka ba ni."

Na ce, "Hajja, ba bauta mata ake yi ba."

Ta ce, "To me kike yi safe da yamma da bokiti?"

Na ɗauki bokitina na wuce.

Alhamis, 2 ga Afrilu, da azahar

Babu labari.

Asabar, 4 ga Afrilu, da la'asar

Usta Mitri ya zo, tsohon Kiristan da ke juya wa Fikri ayyukansa zuwa jibis da tagulla. Shi kaɗai ne ya ƙwanƙwasa ƙofarmu cikin duk masu cika mana ɗaki da hayaƙin taba suna gardama a kan mafarki da 'yanci. Jiya na hangi Lutfi mai zane a bakin shagon burodi, sai ga shi ya tuna yana da uzuri a ɗaya tsallaken titi.

Usta ya ɗaga tsumma, ya danna da babban yatsa, ya shinshina.

"Kina ƙoƙari, Malama Ihsan. Amma zan faɗa miki gaskiya, don ni ba na iya kwana-kwana. Cikinta ƙarfe ne da katako. Ruwan da ke raya yumɓun shi ke cin ƙarfen, shi ke kumbura katakon. Ga zafi na tafe. Ba za ta ga damina... af, wace damina a Alƙahira. Ba za ta wuce bazara ba."

Na ce mene ne abin yi. Ya ce a rufe ta da jibis, farin garin nan da ake damawa ya daskare. Idan ya yi ƙarfi a buɗe shi gida biyu, a ƙwaƙule yumɓun duka, a zuba sabon jibis a cikin ɓawon. Siffar za ta zauna har abada yadda take yau.

"Yumɓun fa?"

"Yumɓun ya tafi ke nan. Ba a samun biyun."

"Hannun hagu fa?"

"Haka zai zauna."

Na ce a'a. Mai abu zai dawo ya gama abinsa. Ya ce, "Da yardar Ubangiji," ya sha ruwa a ɓoye don kar ya karya mana zuciya da azumi, ya tafi.

Talata, 7 ga Afrilu, da safe

Na ba ta ruwa. Wata 'yar tsaga ta fito a wuyan tulun, na daɗa tsumma a wurin.

Alhamis, 9 ga Afrilu, da yamma

Yau na san inda yake. Wata mata a layin kananzir ta raɗa min cewa in je ƙofar kurkukun nan mai koren fenti ranar Alhamis da ƙullin kaya wankakku, in faɗi suna. Idan suka karɓa, yana ciki. Idan suka miƙo masu datti, yana da rai.

Mun yi yawa a wurin, kowacce da ƙullinta, babu mai tambayar wata laifin me. Sun karɓa. Sun miƙo rigarsa mai ratsin shuɗi, da ɗigon koren fenti a hannunta tun na gida. Na rungume ta a cikin tarago har Sayyida, ban damu da masu kallo ba.

Akwai wani tabo a wuyan rigar. Na wanke shi kafin Hajja ta gani.

Juma'a, 10 ga Afrilu, ranar Salla, da hantsi

Hajja ta yi kahak, cincin ɗinmu na Salla, kamar kowace shekara, ta barbaɗa sukari, ta ware wa Fikri nasa a gwangwani.

Bara war haka ya zubar da gahawa a kan sabon mayafin tebur, maimakon ya ba da haƙuri sai ya ninka mayafin ya danna, ya buɗe, ya ce, "Ku zo ku ga tsuntsu yana haɗiye agogo!" Haka yake aiki. Ba ya fara zane da abin da ya sani, sai ya zubar, ya goga, ya jira abin da zai fito ya gaishe shi. Ni malamar lissafi ce, na fi son abu ya tashi daidai. Mayafin bai taɓa fita ba.

Litinin, 13 ga Afrilu, bayan azahar

Iskar kudu ta taso, zafi kamar bakin tanda. Na dawo daga makaranta da gudu-gudu, don na san tsummokaran safe ba za su kai azahar ba.

Na same su a jiƙe sharkaf.

Hajja tana zaune a kan akwatin fenti, tana haki, gwiwoyinta sun sha matakala, butar alwalarta a gefe. Ta ce, "Kar ki kalle ni. Shanya na zo kwashewa." Ba mu yi wanki ba yau.

Na zauna kusa da ita. Can sai ta ce, ba tare da ta dubi Mai Tulu ba, "Mafarkina ne."

Na ce, "Na'am?"

"Ina da cikinsa na yi shi. Wata mata doguwa a bakin Nilu, kanta tulu, tana ta zuba ruwa a kogi, ruwan ba ya ƙarewa. Na ji tsoro, na kai wa malami, ya ce ɗa za ki haifa mai yawan kyauta. Yana yaro na ba shi labarin sau ɗaya. Ɗan banza, ashe ajiyewa ya yi. Tun da na ga wani mafarkina rataye a bango a wajen nunin nan nasu, Turawa na kallo suna gyaɗa kai, na daina ba shi labari. Da safe zai zo, 'Hajja, me kika gani jiya?' In ce barci na gani."

Na tambaye ta me hannun hagu yake riƙe da shi a mafarkin. Ta yi tunani, ta ce ta farka kafin ta gani.

Ta ce in taimaka mata ta sauka, kuma in na gaya wa matan masallaci ba ta yafe ba.

Alhamis, 16 ga Afrilu, da yamma

Sun karɓa, sun miƙo. Alhamdu lillahi.

Lahadi, 19 ga Afrilu, da safe

Funfuna ta fara fitowa a tsummokara, suna wari. Na tafasa su, na yayyaga tsohon zanen gadonmu na ƙara. Tsatsa tana gangarowa daga ƙarfen hannun hagu, ta yi jan layi har gefen tagar ƙirji. Da yana nan da ya ce ya fi kyau haka, ya kira Lutfi ya gani.

Na yi mata magana yau. Na ce, "Ke dai kin huta, ana yi miki hidima." Na ji kunyar kaina, na sauko.

Laraba, 22 ga Afrilu, da la'asar

Usta Mitri ya dawo. Ya ce kafaɗar dama ta fara zamewa, ya nuna min, na ce ban gani ba. Na gani.

Ya ce, "'Yata, ni ba aiki nake nema ba. Amma wata safiya za ki hau ki tarar da ita a ƙasa, ba yumɓu ba jibis."

Na ce idan na bari aka rufe ta, ya dawo jibi fa? Ya tsaya a gabanta da hannu ɗaya har abada, ya ce Ihsan ba ta iya jira ba?

Ya ce, "Idan bai dawo jibi ba fa?"

Na ce ya sha shayinsa yana hucewa.

Abin da ban faɗa masa ba: duk safiyar da na matse tsumma, ji nake yana kan hanya. Ranar da na ajiye bokitin ban san me zan ji ba, kuma ba na son in sani.

Alhamis, 23 ga Afrilu, da yamma

Na yi wani abu, ban san ko wayo ba ne ko wauta. Ba a barin takarda ta shiga, ana zazzage komai. Sai na ɗauki ɗaya daga tsummokaran jikinta, da damshinsa da warin lakarsa, na sa a tsakiyar wankakkun kaya. Mai bincike ya ɗaga shi da yatsu biyu ya ce, "Wannan fa?" Na ce tawul ne, mu talakawa ne. Ya jefa shi ciki.

Fikri zai shinshina ya gane. Tana nan a jiƙe, muna jira.

Asabar, 25 ga Afrilu, da safe

Ruwa. Tsumma. Makaranta.

Talata, 28 ga Afrilu, da almuru

Yatsu biyu na hannun dama sun faɗi. Na tsince su na naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle. Hajja ta ce in manna mana, ai ba wuya. Na gwada, suka fito kamar na wani mutum daban. Usta ya zo ya gyara yadda ya iya.

Alhamis, 30 ga Afrilu, da yamma

Sun miƙo masu datti. Wankakkun ba su karɓa ba.

Mai ƙofa ya ce, "Kar ki ƙara wahalar da kanki, baiwar Allah." Matan layi suna cewa an kwashe su da jirgin ƙasa zuwa can cikin hamada, inda ba a kai kaya. Wata ta ce wata shida ne, wata ta ce ɗan'uwanta da aka kai tun sanyi ko sunansa ba a ji. Ban tsaya jin sauran ba.

Na dawo da ƙulli biyu. Hajja ta dube su, ta shiga ɗaki ta tayar da salla.

Ban buɗe ba tukuna.

Juma'a, 1 ga Mayu, da hantsi

Na buɗe. Tsumman da na aika ya dawo, a bushe, an ƙulle shi tam an tura a cikin safa. A ciki akwai wani ɗan abu, tsawon yatsana.

Ita ce. Da tsakiyar gurasa ya murza ta, ta bushe ta yi tauri. Ga tulun a karkace, ga 'yar tagar da ya huda, ina jin da farce, ga saiwoyin. Ga zanen yatsansa a bayanta. Abincinsa ne ya rage ya yi wannan, kuma ni na san girman gurasar da ake ba su, matan layi sun nuna min da hannu.

Da sauri na juya ta in ga hannun hagu, in ga abin da ya yi niyyar sa mata. Tsinken ashana ne tsirara.

Na daɗe ina kallo. Yana da gurasar da zai yi hannu, wanda ya yi tulu da farce ba hannu ne zai gagare shi ba. Da gangan ya bar shi haka. Mutumin da ba ya taɓa cewa aiki ya ƙare, sai an ƙwace daga hannunsa ranar nuni, yau shi ne yake ce min ta ƙare a yadda take. Ya san inda za a kai su kafin ni in sani.

Na kai wa Hajja. Ta ɗora ta a tafin hannu, ta kusantar da ita ga idonta mai gani, ta ce, "Ɗan banza, da ya ci abinsa." Sai ta sumbace ta. Daga nan muka yi kukan da muka daɗe muna ɓoye wa juna, a kan tabarmar kicin, wake yana ƙonewa a wuta.

Asabar, 2 ga Mayu, da safe

Na aika wa Usta Mitri.

Talata, 5 ga Mayu, da la'asar

Jiya gari duk ya fita bikin shan iskar bazara da kifin gishiri da albasa. Mu muna gida. Yau Usta ya zo da buhunansa.

Ya kwance tsummokaran duka. Ban taɓa ganinta tsirara a rana haka ba, kullum gefe-gefe nake buɗewa. Tana da kyau. Ban taɓa faɗa wa Fikri ba, kullum sai in ce ban gane ba, kuma gaskiya ne ban gane ba, amma tana da kyau.

Ya tambaya ko a toshe ramin da aka soka mata a ciki. Hajja ta ce daga bakin ƙofa, "A bar shi. A san an yi."

Ya jera 'yan siraran ƙarafa a jikinta inda ɓawon zai rabu, ya dama jibis a kwano, ya miƙo min. "Na farko na mai gida ne. Ba ya nan, ke ce." Ya nuna min yadda ake ɗiba da yatsu a watsa. Na watsa a kan tulun. Fari ya gangaro ta wuya, ya cika tagar. Kafin la'asar babu abin da ake gani sai wani farin tudu.

Laraba, 6 ga Mayu, da yamma

An buɗe ɓawon. Ni da Usta muka ƙwaƙule ta da cokali da hannu, guntu-guntu, har ƙarfen ya fito. Ya leƙa ciki ya ce komai ya kama, har layin tsatsa, har zanen yatsun Fikri. Ya ce mako mai zuwa za ta tsaya da ƙafarta fara tas, ba ta ƙara bukatar kowa.

Yumɓun ya taru tsibi a ƙasa, babu tulu babu taga, laka kawai. Usta ya wanke hannu ya ce bari ya kira mai amalanke ya kwashe, kar ya yi mana nauyi a bene.

Na ce, "Wannan ya mutu ke nan, ko ana iya sake aiki da shi?"

Ya ce, "Yumɓu? In dai bai ga wuta ba, kuma bai rasa ruwa ba, ko bayan shekara goma a zo a murza."

Na ce ya sallami mai amalanke. Akwai tsohon bahon wanki a bayan ɗaki, muka jawo shi ni da Hajja, tana ta mita wai gwiwarta. Muka kwashe yumɓun muka zuba, na shimfiɗa tsummokaran a kai. Hajja ta miƙo min butarta, na juye.